Gidan Garin Malam da Baba Ya Ce na Marayu Ne

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haifaffen unguwar Birni a cikin garin Damagaram, kuma abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin sha'anin gado sirrin gida ne, kuma sai da na nemi yardar ƴan'uwana sannan na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Baba ɗan kasuwa ne. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin fatu da ƙirgi zuwa Kano, da girma ya kama shi kuma sai ya zauna a rumfarsa ta yadi a Kasuwar Dole. Bai yi arzikin da za a yi masa kirari ba, amma ya bar gidan kakanninmu na Birni a tsaye, ya sayi wani ƙaramin gida a Garin Malam ya zuba ƴan haya, kuma yana da gona a wajen Mirya. Abin da ya fi dukiyarsa yawa shi ne bakunan da ke ci daga tukunyarsa. Ban da matansa biyu da mu ƴaƴansa, akwai Gwaggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mijinta ya rasu ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan wanta tun idanunta ba su fara dushewa ba. Akwai Autanmu, wanda farfaɗiya ta kama tun yana goye ta taɓa masa hankali, har yau da yake da furfura a gemu ba ya iya bambanta takardar jaka ɗaya da ta jaka goma. Sannan akwai yara uku, namiji ɗaya da mata biyu, ƴaƴan babban yayanmu da ya riga Baba rasuwa.

Yaya shi ne ɗan fari, saboda haka ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, ko a gaban idonsa ko a bayansa. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ma bai zubar da hawaye a gaban mutane ba. Duk son da kunya ta hana shi nuna wa ɗansa, sai ya juye shi a kan jikokin. Da uwarsu ta gama takaba ta yi wani auren a Matamaye, yaran suka zauna a hannun Inna, kuma tun daga lokacin kuɗin hayar gidan Garin Malam bai ƙara shiga rumfar kasuwa ba. Duk ƙarshen wata Baba yakan je da kansa ya karɓo, ya zauna a zaure ya kasa shi uku a kan buzunsa: kashi ɗaya na makaranta da suturar marayu, kashi ɗaya na maganin Auta, ɗan abin da ya rage ya ƙulle a gefen rawani ya kai wa Gwaggo na goro da sabulu.

Sau uku na ji Baba da kunnena yana cewa, "Gidan Garin Malam na marayun nan ne." Na farko a zaure bayan sallar isha'i, ni da shi da wani tsohon amininsa. Na biyu a tsakar gida, Inna tana tankaɗe. Na uku yana kwance, saura kwanaki kaɗan ya cika. Duk sau ukun na amsa da "To, Baba," na yi shiru. Ni ne na yi boko a gidan, ni nake rubuta wa maƙwabta wasiƙu da takardun neman aiki, kuma biro yana cikin aljihun rigata a kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranaku. Abin da ya riƙe ni shi ne nauyin baki. Na ga kamar in na ce masa a rubuta, zai ɗauka na ƙosa ya mutu, ko matarsa ta biyu ta ce ina shirya wa ɗakinmu wani abu. Wannan shirun shi ne laifina a cikin labarin nan, kuma ban ɗora shi a kan kowa ba.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe adakarsa a gaban dattawan dangi da mai unguwa. A ciki akwai takardun gidajen biyu a naɗe cikin leda, dukansu da sunansa, da makullan rumfa, da carbin da ya zo da shi daga Makka, da wani ƙaramin littafi da ya rubuta basussuka a ciki da ajami. Baba ya kiyaye umarnin aya ta 282 ta Suratul Baƙara fiye da yadda na zata, domin hatta sefa 2,500 da wani tela yake binsa ya rubuta. Na zazzage adakar har ƙasa, na buɗe littafin shafi bayan shafi, ban samu ko layi ɗaya a kan gidan Garin Malam ba.

Hidimar takardu ta ci mana watanni. Mun karɓo takardar mutuwa a ma'aikatar magajin gari, mun yi taron dangi aka rubuta abin da aka tsayar, aka kai kotu domin a ba da takardar da ke tabbatar da su wane ne magada. A nan Nijar sha'anin gado yana cikin abubuwan da kotu take bin al'adar masu shari'a a kansu, tare da mashawarta masana al'ada da ke zama kusa da alƙali, kuma al'adarmu a wannan babi ita ce fiƙihun Malikiyya. Don haka rabon kansa a gaban malami aka yi shi, a zauren gidanmu. Gonar Mirya ta ɗan ba mu wahala, saboda a yunwar 2005 Baba ya jinginar da rabinta ga wani maƙwabcin gona da baki kawai, ƴaƴan mutumin kuma suka taso da cewa sayarwa ce. Littafin ajamin nan, inda Baba ya rubuta wa kansa jinginar, shi ne ya cece mu a gaban mai gari, muka biya kuɗin jinginar aka maido mana, daga baya muka nemi takarda a wurin hukumar filayen karkara da ake kira Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa.

Ranar rabo malamin ya zauna a kan buzun Baba, ya fara da tsarin da shari'a ta shimfiɗa: a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, sannan abin da ya rage shi ne gado. Dillalai biyu sun riga sun yi wa komai ƙima. Gidan Birni miliyan 9 na sefa, gidan Garin Malam miliyan 5, gona da kayan rumfa miliyan 3 da rabi. Da aka cire basussuka da hidimar jana'iza, miliyan 1 da rabi, sai miliyan 16 suka rage. Malam ya ɗaga kai ya tambaya, "Marigayi ya bar wasiyya?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, bai rubuta ba, amma na ji ya ce gidan Garin Malam na marayu ne."

Ya tambaye ni wa ya ji ban da ni. Aminin Baba da muke tare da shi a zaure ya riga shi rasuwa da shekara guda. Aka tambayi Inna daga bayan labule, ta ce ita abin da ta fahimta shi ne kuɗin hayar ne na yaran har su girma, ba ta ji ya ce ginin kansa ba, kuma ba za ta ɗora wa mamaci abin da ba ta tabbatar ba. Abokiyar zamanta ta ce bai taɓa yi mata maganar ba. Ƙanena da ke zaune a Kano ya ce shi ma bai ji ba, kuma na gaskata shi, domin shekara ashirin ke nan ba ya gari sai da salla. Babu wanda ya yi ƙarya a zauren nan, kowa ya faɗi iyakar abin da kunnensa ya ɗauka.

Malam ya yi mana bayani a natse, kuma ina iya maimaita shi har yau. Ya ce in maganar Baba kyauta ce, to kyauta ba ta cika sai an karɓe ta an riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, ga shi kuwa takarda tana da sunansa, shi yake karɓar haya har watan da ya kwanta. In kuma wasiyya ce, wasiyyar baki tana inganta idan shaidu adilai sun tabbatar da ita, amma ba zai gina hukunci a kan maganar da waɗanda suka ji ta suka saɓa a kan ma'anarta ba. Wanda ya yarda a ransa cewa marigayi ya faɗa, ƙofa a buɗe take ya bayar daga nasa rabon. Daga nan ya juya ga abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba duk da na san shi a karatu: ɗan ɗa ba ya gadon kakansa matuƙar akwai ɗa namiji a raye, haka ƴar'uwa ba ta gadon ɗan'uwanta in ya bar ɗa namiji. Mu ƴaƴan Baba maza, da kasancewarmu a raye kawai, mun katange marayun Yaya, mun katange Gwaggo.

Sai ya yanka rabon bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i. Matan biyu suna da tumuni, miliyan 2, kowacce miliyan ɗaya. Sauran miliyan 14 aka kasa goma tsakanin maza uku da mata huɗu, kowace mace miliyan 1 da dubu 400, kowane namiji miliyan 2 da dubu 800. Ina zaune ina bin lissafin a takarda sai hannuna ya tsaya, domin na ga sulusin miliyan 16 ya haura miliyan 5. Da Baba ya sa an rubuta layi biyu an kira shaidu biyu, da gidan Garin Malam gaba ɗayansa ya shiga cikin sulusin da shari'a ta ba shi ikon yin wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba, ba tare da neman yardar ko ɗaya daga cikinmu ba. Shari'a ba ta manta da maraya ba, hanya ta buɗe masa ta hannun kakansa, mu ne ba mu bi ta ba.

Kafin ya tashi, malamin ya karanta mana aya ta 8 ta surar, wadda ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Babban yaron Yaya yana tsugune a bakin zaure, shi yake zuba wa baƙi ruwa. Shekararsa goma sha bakwai a lokacin. Ya ji komai, bai ce uffan ba, ya kwashe kofuna ya shiga cikin gida.

Gidan Birni ba ya rabuwa goma, kuma babu mai son a fitar da tsofaffi biyu da Auta daga inda suka saba. Aka haɗa rabon matan biyu da na Auta da nawa da na babbar ƙanwata, ya tashi miliyan 9 cif, muka riƙe gidan. Sauran huɗun kuwa sai an ba su nasu, kuma babu inda zai fito sai daga gona da kayan rumfa da gidan Garin Malam. Na roƙi ƙanena ya jinkirta. Ya ce mini, "Yaya, wallahi ba ƙeta ba ce, ƴaƴa tara gare ni, kuma bashi ya kai mini wuya." Haƙƙinsa ne, kuma na san halin da yake ciki. Aka sayar da gidan. Shi da ƙannena mata suka haɗa sefa dubu 700 suka ba marayun, Allah ya saka musu da alheri. Ni da na fi kowa yarda da maganar Baba, rabona yana cikin katangar ƙasa, ba ni da abin miƙawa sai albashin malamin makaranta.

Ba a ji zafin abin ba sai da ƙarshen wata ya zo babu haya. Kasafi ukun nan da Baba yake yi a kan buzu suka tsaya a rana ɗaya. Kuɗin da aka ba yaran ya riƙe su kusan shekara biyu, daga nan babban ya ajiye karatu saura shekara ɗaya ya gama sakandare, ya karɓi babur ɗin wani yana kabu-kabu tsakanin tasha da Kasuwar Dole domin ƙannensa su ci gaba. Wata rana da azahar na hange shi a bakin hanya, ƙura ta rufe masa gira, yana jayayya da fasinja a kan sefa 50. Yaro ne da malamansa suke yi masa fatan jami'a. Ya ganni ya sauko ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni," na amsa, na wuce, ban iya haɗa ido da shi ba.

Gwaggo ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma babu wanda ya ce ta tashi daga ɗakinta. Amma ta san ɗakin ya zama na wasu, ta san goron da take ci yanzu alfarma ce. Ta rage cin abinci, ta daina aiken yara. Wani dare na kai mata fura ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, da wana yana nan ni ƴar gida ce, yanzu kuwa baƙuwa ce mai daɗewa." Na rantse mata ba haka ba ne, ta yi murmushi kawai. Shekara uku ta yi bayansa.

Sha'anin Auta ya koya mini wani abu dabam. Shi magaji ne, ya samu cikakken rabon namiji, amma rabon bulo ne da azara, ba ya sayen ƙwayar magani ko ɗaya, ga shi kuma in ya yi kwana biyu bai sha ba ciwon yana kayar da shi. Ƙari a kan haka, Baba bai naɗa masa wasiyyi ba, alhali uba yana da ikon ya zaɓi wanda zai riƙe dukiyar ɗansa ƙarami ko marar cikakken hankali a bayansa. Da bai yi ba, sai da dangi suka zauna suka tsayar da ni, aka kai kotu ta tabbatar, kuma kafin a gama an yi ɓacin rai da wani kawunmu da yake ganin shi ya fi cancanta. Da yardar sauran masu gidan na fasa ɗakin da ke jikin zaure na fitar masa da ƙofa waje, na ba wani mai sayar da kayan masarufi haya da sunan Auta. Na sayi littafi na musamman, duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita ina rubutawa da kwanan wata, kuma kowace shekara bayan ƙaramar salla ina buɗe shi a gaban ƴan'uwa ko ba su tambaya ba. Dukiyar wanda ba ya iya ƙirga kuɗinsa wuta ce a hannun mai riƙo, kuma ba na son zato ya shiga tsakanina da kowa.

Shekarar da na yi ritaya na koma wurin malamin nan na ce ina son in rubuta tawa wasiyyar. Ya yi murna, ya tuna mini hadisin Abdullahi ɗan Umar, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ya kuma ja mini kunne da hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsayar da shi a sulusi, aka ce sulusin ma da yawa. Ya ce kada zafin abin da ya wuce ya sa in tauye ƴaƴana, kuma kada in rubuta wa magaji komai, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran sun yarda.

Da na gaya wa uwargidana, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Malam, wani abu likita ya gaya maka ne kake ɓoye mini?" Na ce lafiyata ƙalau, kuma saboda lafiyar ce ma nake son in yi yanzu, domin kyautar da mutum ya yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Ta yi kuka a daren nan. Da safe ita ce ta tuna mini adashin da take bina da tumakin ƙanwarta da ke cikin garkena, ta ce a rubuta su kada a haɗa da gado.

Mun rubuta ta da Hausa da Faransanci. A ciki na lissafa abin da na mallaka, da abin da ake bina da wanda nake bi, da amanar mutane da ke hannuna, na kuma ware abin da bai kai sulusi ba ga ƴaƴan Yaya mata biyu, na ambaci kowace da sunanta da abin da za a ba ta, yadda ba za a sake tambayar gini ake nufi ko haya ba. Shaidu biyu da ba magadana ba suka sa hannu, aka kai aka buga hatimin tabbatar da sa hannun. Kofi ɗaya yana wurin malam, ɗaya wurin babban ɗana, ɗaya a adakata, kuma na tara iyalina na karanta musu da bakina. A cikin wannan hidima ne na gano aurenmu na shekara talatin ba shi da takarda a hukuma, abin da zai iya tsayar da haƙƙin matata a fanshona, sai na nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta tun shaidun ɗaurin auren suna raye.

Babban yaron kuwa ban sa shi a wasiyya ba, domin ban so ya jira mutuwata. Ina da fili a bayan gari da na saya tun ina aiki. Na shawarci ƴaƴana suka amince, na kai shi wurin da shaidu, na damƙa masa, aka juya takarda zuwa sunansa, kuma ban bar wurin ba sai da na ga ya sauke tirelar yashi da hannunsa. Bai kai gidan Garin Malam ba, kuma ba zai maido masa da karatun da ya bari ba. Yanzu ya yi ɗaki biyu da katanga, ya sayi babur nasa na kansa.

Abin da ya rage mini shi ne Auta, wanda bisa ga dukkan alamu zai iya daɗewa a bayana. Ni ɗan'uwansa ne da kotu ta ɗora, ba ni da ikon da Baba yake da shi na naɗa masa wasiyyi kai tsaye. Abin da na iya shi ne na tara dangi muka yi shawara, aka rubuta sunan wanda muka ga ya dace ya karɓe ni, kowa ya sa hannu, domin alƙali ya samu abin dubawa idan ranar ta zo. Wanda aka tsayar shi ne ɗan Yaya, domin tun yana yaro shi kaɗai ne Auta yake yarda ya karɓi magani daga hannunsa ba tare da gardama ba. Tun watan jiya na fara koya masa riƙon littafin. Ranar Alhamis ya karɓo hayar shagon, ya sayo maganin wata guda, ya zauna a zaure ya rubuta da hannunsa, sannan ya miƙo mini in duba lissafin.